Rijiya Mai Igiya Ɗaya

Ƙarfe biyu daidai na rana ne, ranar Alhamis, a farkon rani, a bakin rijiyar Baba Kyari da ke daji arewa da Gidimuni. Na san ƙarfe biyu ne domin Alhaji Mutari ya ciro agogonsa daga aljihu ya faɗa da ƙarfi, yadda yakan yi don a ga agogon. Mu huɗu ne a wurin. Akwai Baba Kyari, mai rijiyar, wanda ya koya mini kiwo. Akwai Alhaji Mutari, mai awon gyaɗa a Zinder, wanda yawancin shanun da muke kiwo nasa ne. Akwai Ɗan Ladi dillali, da ya rako shi. Sai ni Lawali, ina riƙe da akalar takarkarin da ke jan ruwa.

Baba Kyari bai dubi agogo ba. Inuwar gwafar rijiya ya duba, ya ga ta taɓa bakin kwamin da shanu ke sha, sai ya ce, "Lawali, kwance." Na kwance igiya daga jikin takarkari. A lokacin akwai sauran dabbobi tsaye a baya ba su sha ba, manyan shanu dandaƙaƙƙu da wasu tsofaffin shanu mata. Baba ya ɗauko kaba, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɗaura wa kowanne a ƙaho.

"Baba, wannan adon fa?" in ji Alhaji.

"Ba ado ba ne, na kasuwa ne. In mun yi salla za a ba su ruwa, gobe Ɗan Ladi ya kora su."

"Ni ban ce a sayar mini da ko jela ɗaya ba."

"Ba ka ce ba, Alhaji. Igiya ce ta ce. Duk abin da bai sha ba kafin azahar, dajin nan ba zai iya ci da shi ba har damina."

Alhaji ya dubi Ɗan Ladi ya yi dariya. "Ka ji fa. Ni da dukiyata, igiya ke yanke mini shawara."

"Ranka ya daɗe, ni dai la'adata nake jira, ko wa ya yanke," in ji Ɗan Ladi.

A wannan shekara Alhaji ya yarda, yana ƙunƙuni. Bai sake yarda ba sai da ya sha wuya.

Na fara da wannan rana ne saboda ku samarin yanzu. Tun da aka samu mulkin kai, duk wanda ya kama aikin biro, wato na ofis, ko gyaɗarsa ta yi kyau shekara ɗaya, sai ya ce zai sayi shanu ya zuba a daji su yi ta haihuwa. Sale, ɗan ƙanwata, ya zo ya tsaya mini a kai da farin wandonsa, ya ce, "Kawu, ai kiwo ba aiki ba ne. Saniya ita ke neman abincinta, ita ke haihuwarta, kai kuwa kana gindin gawo kana saƙar malafa." Bai tsaya nan ba. Shi da abokansa sun gama shawara za su je wurin dipite, ɗan majalisarmu, su roƙa a rushe rijiyar da nake riƙe da ita yanzu, mai igiya ɗaya, a gina ta siminti mai faɗin baki, don su kawo nasu shanun. Wai tausayina suke ji. Ban roƙi tausayin kowa ba. Abin da na sani zan faɗa, bi da bi, wanda ya ga dama ya karanta har ƙarshe.

Aikin farko da aka ba ni shi ne tufka. Na ɗan yi lakwal, wato makarantar boko, a Zinder, na iya karatu da rubutu, sai mahaifina ya cire ni ya kai ni wurin Baba Kyari, gemu ya riga ya fara fito mini. Na je da sabuwar sanda a kafaɗa. Baba ya karɓe ta ya soke a rufin bukka, ya turo mini damin kaba. Rani guda na yi ina tufka igiyar rijiya. A jiƙa kaba, a daka, a tsage, a murza a cinya, a haɗa uku a tufke. In ya ja ya ji wani wuri ya fi wani kauri, sai ya warware tun daga farko. Igiyar da ta tsinke da wasaki cike tana iya karya hannun wanda ke bakin rijiya, wasakin ya tafi ƙasa, garke ya wuni da ƙishirwa. Bayan igiya sai wasakin kansa, wato babban gugan fata: yadda ake shafa masa mai, yadda ake yi masa maho tun ɓular tana ƙarama, yadda ake rataye shi a inuwa kada ya bushe ya tsage. Bayan wasaki sai kwami, sai gatari, sai kanwar lasa. Sanda ita ce ta ƙarshe, kuma ita ce mafi ƙarancin amfani a kayan makiyayi. Ita kaɗai kuke gani, shi ya sa kuke tsammanin ita ce sana'ar.

Jan ruwa kuwa ana fara shi da an idar da sallar asuba. Mutum ɗaya a bakin rijiya, ɗaya yana jan takarkari. Ka ja shi ya yi nisa har wasaki ya fito, na bakin rijiya ya kama ya juye a kwami, ka juyo da takarkari, a sake zurawa. Haka, babu zama, har inuwa ta kai kwami. Tafin hannu yakan tsage, ya warke, ya sake tsagewa, har ya daina jin komai. Kuma ba a barin shanu su sha yadda suka ga dama. Akwai jeri. Masu shayarwa su ne na farko, sannan masu ciki, sannan karsanu da maruƙan da aka yaye, sannan bijimin garke. Dandaƙaƙƙun shanu da suka gama cika, da tsofaffin da suka daina haihuwa, su ne na ƙarshe. Saboda haka in lokaci ya ƙare, abin da ya rage a baya dama shi ne abin da ya isa sayarwa.

Na taɓa tambayarsa me zai hana mu ci gaba da ja har la'asar, tun da rijiyar ba ta ƙafe ba. Ya ce in ɗaga kai in dubi dajin. Saniya tana da iyakar nisan da za ta je kiwo ta dawo ta sha. Ciyawar da ke cikin wannan iyaka ita ce duk abin da muke da shi daga kaka zuwa damina, babu mai ƙara mana ko tsinke ɗaya. Mahaifinsa da kakansa sun gwada, sun yi asara, har suka gane cewa abin da igiya ɗaya ke shayarwa kafin azahar shi ne daidai abin da ciyawar wurin ke iya ɗauka. Wanda ya ƙara lokacin ja, bakuna ya ƙara, ciyawa kuwa tana nan yadda take.

Tafiyar shekara ma da tsarinta. Da ruwa ya sauka mukan rufe rijiya da itace da ƙaya, mu yi arewa inda tafkuna suke, kada kofato ɗaya ya taka kewayen rijiya har ciyawa ta yi 'ya'ya ta zubar. Da kaka mu gangaro gonakin Zermu da Hamdara, shanu su ci kara su bar wa manoma taki, manoma su ba mu gero. In kara ya ƙare sai mu buɗe rijiya. A nan ne sabon shiga ke yin wautarsa, ya saki shanu su fara da ciyawar kusa. Mu da ta nesa muke farawa, tun shanu suna da ƙarfi a ƙafa. Gamba da komayyar da ake hangowa daga bakin kwami ajiya ce, ba a taɓa ta sai bazara, lokacin da saniya ba ta iya doguwar tafiya. Na sha ganin Baba Kyari, da tsufansa, yana bin maraƙi ɗaya da gudu don ya sa baki a wannan ajiya.

Da ciyawa ta bushe, sai sharar hanyar wuta. A ɗaura wa takarkari babban reshen ƙaya, a ɗora kututture a kai, a ja shi kewaye da ajiya har a buɗe filin da wuta ba za ta tsallake ba, sannan a bi da hauya a cire abin da ya rage. Maharbi ɗaya mai neman zomo, ko matafiyin da ya dafa shayi bai kashe garwashi ba, ya isa ya ƙone abincin bazara kafin ka ɗaura takalmi. Wannan aiki ba mai ganinsa, don in ya yi kyau babu abin da ke faruwa. Ku da kuke cewa saniya ita ke neman abincinta, ku tambaye ta ko ita ke share hanyar wuta.

Sai dandaƙa, da sanyin ɗari, kafin ƙuda ya yi yawa. Garke ba ya son bijimai barkatai. A bar ɗaya, sauran a dandaƙe su don su bar faɗa su yi nama. Kuma ba mai kyan ƙaho ake bari ba, uwarsa ake dubawa: tana da nono, tana riƙe jiki da bazara? Dandaƙaƙƙen sa kuwa in ya cika, to ya cika, duk ciyawar da ya ci bayan nan rabon karsana ya sace. Ranar da ya fi kyan gani ita ce ranar da ya kamata ya bar garke, kuma ita ce ranar da mai shi ya fi ƙin rabuwa da shi.

Masu saye iri-iri ne, kowanne da inda yake kai hannu. Mahaucin Zinder gindin wutsiya yake taɓawa da haƙarƙari da tozo. In ya danna ya fara kushe san, to ka san ya so shi. Falken da zai kora zuwa Kano kofato yake dubawa, don san da bai kai kasuwa da ƙafarsa ba asara ne a wurinsa. Manomi mai neman takarkari hali yake nema. Akwai Malam Yohanna, ma'aikacin asibiti a Zinder, wanda 'yan majami'arsu kan haɗa watanda lokacin Kirsimati su turo shi. Shi ba ya dogon ciniki, amma sai ya zagaya sa yana leƙa ido da hanci kamar zai ba shi magani. Duk cikinsu babu wanda ya taɓa tambayarmu shanu nawa ne a garken. Nama suke saye. Yawan ƙahoni kuwa, mai shanu kaɗai yake faranta wa rai.

Rijiyar siminti ta zo ne a shekarun da damina ta yi ta kyau a jere, gyaɗa ta yi daraja. Alhaji Mutari ya gaji da igiyar Baba Kyari. Ya ji ana gina rijiyoyi a dajin makiyaya, ya yi ta zirga-zirga daga wannan biro zuwa wancan har aka turo magina. Suka haƙa ta inda ake hangowa daga tsohuwar rijiya, a tsakiyar gambar ajiya. Aiki ne mai kyau, ba zan kushe shi ba, ga zurfi, ga faɗi, ga ruwa mai daɗi. Ranar da aka gama, mutanen ƙauyuka suka zo da kalangu, mata suna guɗa. Baba Kyari ya leƙa ciki, ya juya wurin babban maginin.

"Malam, igiya nawa take ɗauka?"

"Takwas a lokaci ɗaya, Baba, kuma ko wuni aka yi ana ja ba ta ƙafewa."

"Ta wa ce?"

"Ta gwamnati ce. Ta kowa da kowa."

"To wa zai ce a kwance?"

Mutane suka fashe da dariya. Wani ya ce tsufa ne. Alhaji ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Baba, ka huta. Zamanin kwance-kwance ya wuce."

Ba na zargin masu dariyar da mugunta. Wauta ce irin tamu ta mutanen ƙasar nan. Tun kakanninmu ƙishirwa muka sani. Rijiya ta ƙafe, mun sani. Tafki ya bushe, mun sani. Amma babu wanda ya taɓa ganin daji ya ƙare, domin ƙarancin ruwa ne ke tsare shi ba mu lura ba. Sai muka ɗauka wanda ya samu ruwa ya gama samun komai.

Kafin watan ya ƙare, Baba Kyari ya ware 'yan shanunsa na kansa, ya ɗora igiya da wasaki a kan takarkari, ya yi gabas, nesa yadda saniya ba za ta sha a sabuwar rijiya ta kai can kiwo ba. A can ya haƙa wata 'yar rijiya mai bakin da mutum ɗaya kawai ke iya tsayawa. Na so in bi shi. Ya ce, "Zauna. Shanun Alhaji amana ne, dole ɗayanmu ya riƙe. Ka buɗe ido kuma. Abin da za ka gani a nan ba ya koyuwa da baki."

Ga abin da na gani. Shekarar farko murna ce. Alhaji ya daina sayarwa ya koma saye, duk gyaɗar da ya auna sai ta zama saniya. Labarin ruwa ya bazu, garkuna suka zo daga ko'ina, da raƙuma da tumaki, mutanen da ko sunan garinsu ba mu sani ba. Babu wanda za ka ce wa ya ɗaga, don rijiyar ba taka ba ce. Ajiyar kusa aka fara cinyewa, tun cikin ɗari. A shekara ta biyu wasu ko tafkuna ba su je ba da damina. Me zai kai su, ga ruwa a nan? Ciyawa na tsirowa ana tsinke ta, ba ta kai ga yin 'ya'ya ba. Gamba ta ɓace, komayya ta bi ta. Inda suke sai tsidau da tumfafiya, sai rairayi tsirara da ke ƙara faɗi kewaye da rijiya.

A cikin garken akwai wani jan sa, dandaƙaƙƙe, mai dogayen ƙahoni farare. Ɗan Ladi ne ya sa masa suna Kumandan, yadda ake kiran baturen mulki, wai don shi ke fara ci kuma ba ya aikin komai. Alhaji ya ji sunan ya yi masa daɗi. Da kaka ta uku wani mahauci ya taso tun daga Zinder saboda san nan. Ya taɓa gindin wutsiya, ya kushe shi ƙwarai, ya yi tayin da ban taɓa jin an yi wa sa ɗaya ba. Na ja Alhaji gefe.

"Alhaji, ka sallama. Ka haɗa masa da manyan nan da tsofaffin duka, tun suna da nama."

"Ruwa ya ƙare ne, Lawali?"

"Bai ƙare ba."

"To me ya ƙare?"

"Ciyawa. Ruwan bana ya ɗauke da wuri, ga shi ba mu da ajiya."

"Ciyawa!" Ya ƙwala wa Ɗan Ladi kira. "Zo ka ji karatun Baba Kyari. Wai ciyawa za ta ƙare a dajin Allah." Sannan ya juyo gare ni. "In an ce shanun Alhaji Mutari a Zinder, wannan san ake nufi. Koma bakin aikinka."

Mutane suna kiran wannan shekara ta fari, don su ɗora wa sama laifi. Ƙarya ce. Ruwa ya ɗauke da wuri, na gaba kuma ya makara, shi ke nan. Mun ga irinta a zamanin igiya ɗaya, ko maraƙi ba mu rasa ba. Amma a wannan karon, tun kafin zafi ya kankama, babu abin da saniya za ta sa a baki sai ta yi tafiyar rabin yini. Ta ci ɗan abin da ta samu, ya ƙare a hanyar dawowa. Kowane kwami cike da ruwa, shanu tsaye a kai, ciki ya kumbura, haƙarƙari a waje. Suka koma cin tsumma da rairayi.

Aikin safe ya koma tayar da shanu. A zura sanduna biyu a ƙarƙashin saniya, ɗaya a ƙirji ɗaya a mara, mutum huɗu su ɗaga, a riƙe ta har ƙafafunta su tsaya. Wadda aka tayar yau aka tayar gobe, jibi ba ta tashi. Muka sassare gawo da aduwa har itatuwa suka zama kamar gwafanni. Mahauta suka daina zuwa, falke bai leƙo ba. Sai masu banda suka zo, suka haƙa ramukansu a gefen rijiya, suka zauna suna wasa wuƙa suna jira. Ko tayi ba sa yi. Kai za ka je ka same su, su ba ka kuɗin fata, naman ya tafi a gyara.

Na aika wa Alhaji cewa in yana son ya sake ganin dabbarsa da rai, ya zo mu kai abin da ya rage wurin Baba Kyari. Ya zo a kamiyo, babbar motar kaya, har Gidimuni, daga nan ya hau doki, Ɗan Ladi na biye. Wannan karon ban ga ya ciro agogo ba. Muka kora su da sanyin safiya da na yamma, masu faɗuwa suna faɗuwa, ba mu tsaya ba. Muka isa da hantsi. Tun daga nesa shanu suka ɗaga kai suna shaƙar iska. Gamba ce tsaye, busasshiya, har ƙugu, kewaye da 'yar rijiyar, ba a taɓa ta ba. Baba Kyari ya riga ya gama shayar da nasa, don ba su da yawa. Ya fito ya tsaya tsakaninmu da gambar.

Alhaji ya sauka daga doki ya durƙusa, abin da ban taɓa gani ba.

"Baba, ina kwana. Mun zo."

"Lafiya lau. Na gani. Ina rijiyarku mai igiya takwas?"

"Tana nan, Baba."

"Da ruwa?"

"Da ruwa."

"Madalla."

Ya zagaya shanun a hankali, ya dawo. "Ruwa ba a hana kowa, duk za su sha. Amma zama a dajin nan, sai wanda ya sha kafin inuwa ta kai kwami. Nawa sun gama. Daga yanzu zuwa azahar igiya taku ce."

"Baba, ka dubi Allah. Ai ko rabinsu ba za su samu ba."

"In na bar su duka, kafin ruwa ya sauka naka da nawa duk na masu banda ne. Inuwa tana tafiya, Alhaji, kai kuwa kana surutu."

"To a fara da Kumandan."

Kumandan a lokacin fata ce a kan ƙashi, ƙahonin sun fi ƙarfin wuyansa. Shi kaɗai yana iya shanye wasaki biyu, kuma ko ya rayu ba zai haifi komai ba. Baba ya ce, "Lawali ke da jeri." Na ware karsanu na sa su gaba. Bayansu matasan shanu mata masu sauran ƙarfi, sai wani ɗan bijimi baƙi da na san uwarsa. Kumandan na kai shi can baya, inda irinsa ke tsayawa.

Alhaji ya zage ni, ya zagi lakwal ɗin da na yi. Da ya ga zagi ba ya cika kwami, sai ya tuɓe babbar riga, ya fizge akala daga hannun Ɗan Ladi, ya shiga jan takarkari da gudu, mutumin da bai taɓa riƙe abin da ya fi ma'aunin gyaɗa nauyi ba. Ya je ya dawo, ya je ya dawo, rawani ya warware, tafin hannu ya ɗaye. Ni ina bakin rijiya ina juyewa. Ɗan Ladi yana tare shanun baya da sanda yana cewa, "Sannu, ranka ya daɗe. Ashe kai ma ka iya."

Inuwa tana matsowa. Da ta rage kamar taƙi ɗaya, sai Alhaji ya zo kamar zai gyara igiya, ya jingina ƙafa da kwamin yana tura shi a hankali don ya nisanta shi da inuwar. Baba yana zaune yana tufka, ko kai bai ɗaga ba.

"Alhaji, mayar da kwami inda yake."

Ya mayar. Inuwa ta taɓa.

"Lawali, kwance."

Na kwance. Baba ya ɗauko kaba ya bi na baya yana ɗaurawa. Da ya zo kan Kumandan sai ya tsaya, ya miƙa wa Alhaji. Alhaji ya daɗe riƙe da ita, sannan ya ɗaura da hannunsa mai jini. Ɗaurin ma bai yi kyau ba, sai da na gyara. Muka yi salla, muka shayar da su, washegari Ɗan Ladi ya juya da su. Masu banda ne suka saye. Ɗan Ladi ya gaya mini naman Kumandan bai cika kwando ba, ƙahonin kuwa babu wanda ya ɗauka.

Waɗanda suka sha kafin azahar babu wadda ta mutu. Gambar kusa ta kai su har ruwa ya sauka, da ƙyar, amma ta kai. Daga karsanun nan da baƙin bijimin nan aka sake garke. Bai koma yawan da ba, kuma ba za a bari ya koma ba. Amma kowace shekara yana fitar da shanun da mahauta ke tasowa daga Zinder su saya a bakin rijiya, alhali a shekarun tara ƙahoni Alhaji bai samu komai ba sai suna. Yanzu a farkon kowane rani yakan turo Ɗan Ladi da damin kaba, ba sai an tambaye shi ba. Baba Kyari ya rasu shekarar da aka ɗaga sabuwar tutar mulkin kai. Ya bar mini igiya da wasaki da 'yar rijiyar nan ta gabas. Sandata ta farko kuwa tana can a rufin tsohuwar bukka, in gara ba ta ci ba.

Ita ma rijiyar siminti tana nan, cike da ruwa. Daga Gidimuni ba ta da wuyar zuwa. Ku je ku tsaya a bakinta, ku juya gabas da yamma, kudu da arewa, ku dawo ku gaya mini in kun ga abin da akuya za ta ci.

To, Sale, da kai da abokanka da duk wanda ya karanta har nan, ga abin da nake roƙo. Kada ku je wurin dipite a kan rijiyar nan. In kun riga kun je, ku koma ku ce kun fasa. Wanda yake son kiwo da gaske a cikinku, ya zo a farkon rani da shanunsa, bayan sallar asuba, ya bar farin wando a gida. Na yarda in sayar da wasu daga nawa in buɗe masa wuri a jeri. Zan ba shi akala, ni in tsaya a bakin rijiya. Abin da ya sha kafin inuwa ta kai kwami ya zauna, abin da bai sha ba ya ɗaura masa kaba da hannunsa. Ku bar mini rijiyar nan da igiya ɗaya.